Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Kayan Ɗaki Kantar Bango

Kantar bango falankin katako ne da ake kafawa a jikin bango domin ɗora kaya: littattafai, kwanuka, kayan shafa, rediyo ko gwangwanayen kayan miya. Abu uku ne ke haɗuwa su yi ta. Akwai katakon da kaya ke zama a kansa, akwai abin da ke tallafe da katakon, sannan akwai abin da ke riƙe da tallafin a cikin bango. Tsohon gado, kabad, tebur ko ƙyauren ƙofa suna ba da na farko kyauta, wani lokaci har da na biyu. Na ukun kuwa sai an saya an kuma yi shi da natsuwa, domin yawancin kantocin da ke faɗowa ba katakonsu ne ke karyewa ba, bango ne ke sakin ƙusa.

Tsohon katako yana da fifiko a kan sabo, ko da an ajiye zancen kuɗi a gefe. Kayan ɗakin da kafintoci suka ƙera shekaru talatin ko arba'in da suka wuce galibi da maɗaci, iroko, mansoniya ko ƙawo aka yi su, kuma katakon ya sha hunturu da damina har ya gama motsi. Sabon falanki daga kasuwa sau da yawa da sauran ɗanyantaka a jikinsa. Ana kafa shi a miƙe, iskar hunturu ta buso, sai a wayi gari ya lanƙwashe ko ya tsage. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ba shi da tsohon kaya a gida yana iya samu a hannun dillalai masu sayar da kayan ɗaki na hannu, ko a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna, da kasuwar Katako a Yamai, inda gadon da ƙafarsa ta karye ba ya da wani farashi a wurin mai shi.

Ba kowane tsohon kaya ne ya cancanci wahalar ba. Abin farko shi ne a gane irin katakon, kuma bakin falanki ne ke faɗin gaskiya, ba fuskarsa ba. Katako na ainihi yana nuna zaren itace a bakinsa. Filawud yana nuna sirara-siraran hawa da aka manne. MDF bakinsa sumul ne kamar ƙullin takarda, shi kuma allon da aka haɗa da ɓarɓashin katako ana ganin ɓarɓashin ƙuru-ƙuru da zarar an ɓare ledar da ke kansa. Mafi yawan kayan ɗakin amare na shekarun baya-bayan nan da waɗannan biyun na ƙarshe aka yi su. Suna iya zama kanta idan gajeriya ce, kayan kanta marasa nauyi ne, wurin kuma busasshe ne. Amma duk allon da ruwa ya taɓa har ya kumbura ya gama aiki, ba ya komawa yadda yake, kuma sukuru ba ya kama shi.

Daga nan sai binciken ƙwari. Gara tana cin katako daga ciki ta bar fatar waje lafiya lau, don haka ana ƙwanƙwasa falankin da guduma a saurara, a kuma danna bakin sukurudireba a wuraren da suka taɓa ƙasa. Inda ya nutse ba tare da ƙarfi ba, sai a yanke a yar. Ƙananan huji masu zubar da gari mai laushi alamar ƙwaron da ke huda katako ce, wanda ya fi addabar farin katako mai taushi irin su obece. Idan ana so a san ko yana raye a ciki, sai a share falankin tas, a ɗora shi a kan baƙar leda na 'yan kwanaki. In an tarar da sabon gari, ƙwaron na nan. Kuɗin cizo shi ne babbar matsalar tsohon gado, don yana ɓuya a mahaɗai da ramukan sukuru. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi har da ƙwayayensa, shi ya sa ake wargaza gadon a tsakar gida, a kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗan katako na ainihi, a bar shi ya bushe, sannan a naɗe guntayen cikin baƙar leda a baza a ranar bazara kwanaki a jere, ana juyawa. Bai kamata a yi wa katakon da za a ɗora abinci ko kwanuka a kansa feshin fiya-fiya ba. Haka nan baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi ba na cikin ɗaki ba ne.

Kowane kaya da abin da yake bayarwa. Gado ya fi kowa albarka: katakai biyun da ke gefensa dogaye ne, miƙaƙƙu, tsawonsu kusan ƙafa 6, wato santimita 183, kuma an yi su ne domin ɗaukar nauyi. Sai dai ba su cika faɗi ba, don haka akan haɗa biyu gefe da gefe da gam, a ɗaure su ta ƙasa da gajerun katakai. Fuskar gado mai zane tana iya zama bayan kanta, a kafa ta a bango a maƙala mata falanki ɗaya ko biyu. Kabad tana ba da ɓangarorinta na gefe da allunan ciki, amma bayanta siririn filawud ne da ba ya ɗaukar komai. Saman tebur ana tsaga shi a tsaye gida biyu ko uku. Akwai kuma masu raba teburin biyu su jingina rabin da bango, ƙafafu biyu na gaba suna ƙasa, bayan yana kafe. Tsohon gadon ƙarfe bai da katako, amma ƙarfen kusurwa da ke jikinsa shi mai walda zai yanka ya yi matallafai masu ƙarfin da na kanti ba sa kaiwa.

Durowa ita ce mafi sauƙin aiki, domin akwati ce da aka riga aka haɗa. Ana juya ta gindinta ya kalli bango, bakinta ya kalli ɗaki, shi ke nan ta zama kanta mai rufi da gefe. Kuskuren da ake yi da ita guda ne: a ɗaura sukuru ta cikin gindin. Wannan gindin filawud ne da kaurinsa bai cika wuce milimita 3 zuwa 6 ba, an zura shi ne cikin wani siririn rami, kuma nauyi kaɗan zai fizge shi. Abin yi shi ne a sa katako mai kauri daga ciki, a ƙarƙashin gefen da ya zama sama, a ɗaure shi da gefunan durowar da gam da sukuru, sannan sukurun bango su ratsa ta cikinsa.

Wargaza kaya yana son haƙuri fiye da ƙarfi. Kayan aikin ba su da yawa: guduma mai ƙahon cire ƙusa, sukurudireba, filaya, zarto, tef na awo, sukwaya, fensir da sanfefa. Ana fara kwance duk abin da ke kwantuwa, a tara sukurun a gwangwani. Sukurun da ya yi tsatsa ana ɗiga masa kananzir a bar shi ya jiƙa. Mahaɗar da aka yi da gam ana ɗora mata guntun katako a buga guntun, ba a dukan falankin kai tsaye. Idan ta ƙi rabuwa, gara a yanke ta da zarto a yi asarar inci biyu da a tsaga falankin gaba ɗaya. Kafin zarto ya taɓa katako sai an bi shi an cire kowace ƙusa, har da waɗanda kansu ya karye, domin ƙusa ɗaya tak tana dakushe haƙoran zarto, a injin yanka kuwa tana iya fallatsa ta ji wa mutum rauni.

Awo yana farawa daga kayan da za a ɗora, ba daga katakon da aka samu ba. Littattafai na son zurfin santimita 20 zuwa 25, faranti da tukwane 30, kwalaben turare da kayan shafa 10 zuwa 15 sun wadatar. Ƙara zurfi ba tare da buƙata ba illa ce, domin duk yadda kaya suka yi nisa da bango, haka suke ƙara fizgar sukurun sama. Nauyi ma ana raina shi. Jeren littattafai mai tsawon mita ɗaya yana iya kai kilo 30, fiye da rabin buhun siminti.

Lanƙwasar kanta tana bin ƙa'idar da ya kamata mai aiki ya riƙe. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin matallafai biyu, nauyin kuma bai sauya ba, lanƙwasar ba ninki biyu take yi ba, ninki takwas take yi. Idan kuma aka ninka kaurin falankin, taurinsa ma ninki takwas yake yi. Saboda haka katako na ainihi mai kaurin santimita 2 yana jure tazarar santimita 80 zuwa 90 a ƙarƙashin littattafai, filawud mai kaurin milimita 18 yana son a tsaya a wajen 80, MDF da allon ɓarɓashi kuwa kada su wuce 60, kuma su sukan ci gaba da saddowa a hankali tsawon watanni ko da ba a ƙara musu kaya ba. Dabara biyu ke rage wannan matsala. Ta farko, kada a sa matallafai a can ƙarshen falanki. A shigo da kowanne ciki kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tsawon. Ta biyu, a manna siririn katako a tsaye a bakin kantar na gaba, mai faɗin santimita 3 ko 4. Yana ƙara tauri sosai, yana rufe mummunan baki, in an bar shi ya ɗan ɗaga sama kuma yana hana kwalabe gangarowa.

Gyaran fuskar katako yana farawa da wanki da ruwan sabulu da tsumma mai laima, ba jiƙawa ba, sai a shanya a inuwa. Tsohon fenti yana buƙatar hattara. Fentin mai na da, musamman rawaya da ja, yana iya ƙunsar dalma, ƙurarsa kuma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa. Arewacin Najeriya ya ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Zamfara sakamakon ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Gubar da ke cikin fenti da ta wannan ƙurar ɗaya ce. Don haka ba a goge tsohon fenti a bushe a cikin ɗaki, ba a kuma ƙona shi da wuta. Ana yi a waje, a jiƙa sanfefar, a rufe hanci, a nisantar da yara, a kwashe dattin a ƙulle a leda. Idan fentin bai ɓarɓare ba, ya fi sauƙi a ɗan murje shi a shafa sabo a kai. Guntayen katako mai fenti, da MDF, da duk wanda aka shafa wa maganin gara, ba a sa su a murhu.

Ana ja layin yanka da sukwaya, a yanka a gefen layin da za a yar. Filawud da allo mai leda suna tsintsinkewa a baki, sai a fara bin layin da wuƙa mai kaifi kafin zarto. Wanda ke da yanka da yawa, ko yake son a fere masa fuskar falanki, ya kai wa masu injin katako; a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da makamantanta aikin 'yan mintuna ne. Guga ana fara ta da sanfefa mai lamba 80, a koma 120, a ƙarasa da 180 ko 220, kullum ana bin zaren katako. Tsofaffin ramukan ƙusa ana cike su da garin katakon da aka kwaɓa da farin gam. Maɗaci da iroko asara ce a rufe su da fenti. Banish shafi biyu ko uku, da ɗan murza tsakanin kowane shafi, yana fito da launinsu. A shafa sama da ƙasa da bakuna duka, domin falankin da aka rufe fuskarsa ɗaya kawai yana shan laimar damina ta ɗaya fuskar ya karkace. A lokacin hunturu shafi yana saurin bushewa, amma ƙura na manne masa, don haka a yi shi a rufaffen wuri mai iska, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa.

Matallafi mafi yawa shi ne ƙarfe mai kusurwa. Dogon hannunsa ne ke bin bango, gajeren kuma ya kai aƙalla kashi uku cikin huɗu na zurfin kantar. Wanda ke da sanda a karkace tsakanin hannuwan biyu ya fi ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Ana iya yanka irinsa daga ƙafafun tebur ko kujera. Ga durowa, fuskar gado da duk abu mai siffar akwati akwai wata hanya mai kyau: a tsaga dogon katako a tsaye da karkatar digiri 45, rabi a kafa a bango bakinsa mai karkata yana kallon sama da bango, ɗaya rabin a ɗaure a bayan kayan yana kallon ƙasa. Ana sauke na biyun a kan na farko su sarƙe. Nauyin yana bazuwa a tsawon katakon, ana iya sa sukuru a inda bango ya fi ƙwari, ana kuma ɗage kantar a duk lokacin da ake son share bayanta.

Bango shi ne zuciyar aikin. Yawancin gidajen birni da bulon siminti mai rami aka gina su, inci 9 a waje, inci 6 a ciki, an kuma bi da filasta mai kaurin kimanin rabin inci. Filasta ba ta riƙe komai. Fatar bulon da ke bayanta ba ta cika kai inci biyu ba, a bulon kasuwa ma takan gaza haka, bayanta kuma sai rami. Ƙusar kankare da aka saba bugawa tana isar kalanda ko agogo, amma a ƙarƙashin kanta tana sassautawa sannu a hankali har ta zame. Abin da ke riƙewa shi ne filogin roba da masu kayan gini ke kira fisha, wanda ke buɗewa a cikin huji idan sukuru ya shige shi. Ga kanta mai matsakaicin nauyi ana amfani da mai milimita 8, ga mai nauyi sosai mai 10. Bakin diril ya zama daidai da lambar filogin, hujin ya ɗan fi filogin zurfi, a hure ƙurar, a buga filogin har ya shige fatar bulon, kada ya tsaya a cikin filasta. Tsawon sukuru ya haɗa kaurin matallafi, kaurin filasta da tsawon filogin gaba ɗaya. A bulo mai rami a kashe bugun diril a bar juyawa kawai, domin bugun yana fasa fatar ta ciki. Inda aka ƙwanƙwasa bango aka ji sauti a cike, wato an dace da tsakiyar bulo ko mahaɗarsa, nan ya fi riƙo.

Akwai bulon da aka yi wa rowar siminti, wanda diril ke shigewa ba tare da turjiya ba, yashi na zubowa. Filogi ba ya kama irinsa. Sai a faɗaɗa ramin, a jiƙa shi, a cusa kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, a dasa filogin a ciki, a bar shi kwanaki ya yi ƙarfi kafin a ɗaura komai. Idan kayan masu nauyi ne ƙwarai kuma ana iya kai wa ga bayan bangon, dogon noti da ya ratsa bango, da faffaɗan ƙarfe a ɗaya gefen, ya fi komai aminci.

Kafin a huda ko'ina a dubi soket da makunnin wuta. Wayoyin da aka binne suna tafiya a miƙe daga gare su, sama, ƙasa ko gefe, don haka ba a huda a kan waɗannan layuka. Ɗauke wuta ba kariya ba ce, ana iya dawo da ita bakin diril yana cikin bango. A kashe layin ɗakin daga babban makunni, a jawo wutar diril daga wani layin. Bangon da ke tsakanin ɗaki da banɗaki ko kicin yana iya ɗauke da bututun ruwa. Inda babu lantarki ana huda da ƙarfe mai tsini da guduma, bugu kaɗan, juyi kaɗan. Yana cin lokaci, amma hujin yakan fita da kyau.

Ginin ƙasa dokarsa daban ce. Filogi ba ya da abin kamawa a cikin tubali da yaɓe. Ga kaya marasa nauyi ana haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, mai ɗan gangara zuwa ciki, a dasa turken itace mai tauri irin ƙirya, wadda gara ba ta cika damu ba, a cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a jira ta bushe sarai, sannan a ɗora falanki a kan turaku biyu ko uku. Ga kaya masu nauyi bai kamata a ɗora wa bangon nauyi ba sam. Ana tsayar da katakai biyu daga ƙasa, gindinsu a kan dutse ko guntun bulo saboda gara da laima, a kafa kantocin a jikinsu, bango kuma aikinsa kawai ya hana su kifowa. Hanya ta uku ita ce ratayawa daga azara da igiya ko sarƙa, yadda ake rataya ragaya. Hanyar tsayarwa daga ƙasa ta dace da gidan haya ma, inda mai gida ba ya son a huda masa bango, domin huji biyu ƙanana sun isa.

Wajen kafawa ana fara da matallafi ɗaya. A sa alama, a huda ramin sama, a ɗaura ba tare da an tamke ba, a daidaita shi a tsaye, sannan a huda na ƙasa. Daga shi ake auna na biyu da ma'aunin magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa. In babu, siririn tiyo mai gani-har-hanji da aka zuba wa ruwa yana yin aikin, domin ruwan bakunansa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Ba a auna daga daɓe ko silin, tunda su kansu ba lallai su kasance a daidai ba. Falankin ana ɗaure shi da matallafan ta ƙasa da gajerun sukuru waɗanda ba za su ɓullo sama ba, kuma a katako mai tauri sai an fara yin ƙaramin huji don kada ya tsage. Bangon da ke tsattsafo da laima da damina ana barin tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da katakon.

Tsayin da hannu ke kaiwa ba tare da taka kujera ba ya tsaya tsakanin santimita 120 da 170 daga ƙasa. Magunguna, ashana da wuƙaƙe su hau sama inda yara ba sa kaiwa, kaya masu nauyi su zauna ƙasa kuma kusa da bango. Kanta mai nauyi ba a kafa ta saman gado ko inda ake shimfiɗa wa jariri, a kicin kuma ba a sa ta daidai saman murhu ko risho. Kafin a jera kayan gaske ana gwada ta da abin da ba ya fashewa, kamar jarkokin ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce kuma lissafin nauyin a bayyane yake. A ɗora fiye da abin da za ta riƙa ɗauka, a bar shi ya kwana, a duba ko matallafi ya rabu da bango ko garin siminti ya zubo a ƙarƙashinsa. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, wannan motsin kuma yana sassauta sukuru, don haka ana sake bin su da sukurudireba bayan hunturun farko, daga nan kuma sau ɗaya a shekara.